Amigurumi: 'Yar Tsanar da Ake Saƙawa da Kwarashi da Lissafi

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Instagram, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da su ba: wasu 'yan mitsi-mitsin 'yan tsana na zare, ga ƙaton kai, ga ɗan jiki kamar a saka a aljihu. Wannan Pikachu ne, wancan Naruto, ga kuma kyanwa sanye da kayan 'yan sama jannati.

Sunan abin amigurumi. Kalmar Japananci ce, an haɗa "ami", wato saƙa, da "nuigurumi", 'yar tsanar da aka cusa wa auduga. Daga Japan sana'ar ta fito, ta bazu Amurka da Turai a farkon shekarun 2000, musamman bayan buɗe kasuwar intanet ta Etsy a 2005. Kayan aikin kuwa ba baƙi ba ne a wurinmu. Kwarashi ne da zaren ulu, irin waɗanda yayyenmu da gwaggonninmu ke saƙa hular jarirai da su.

Sirrin yana cikin ƙirga

Kusan kowace 'yar tsana da ɗinki 6 take farawa, a cikin ɗan zoben zare da ake ja ya tsuke. Zagaye na biyu ya zama 12, na uku 18, na huɗu 24. Muddin kana ƙara 6 a kowane zagaye, saƙar za ta kwanta kamar faifai. Ka daina ƙarawa, sai ta fara lanƙwasowa kamar ƙwarya. Ka koma rage 6, sai ta rufe ta zama ƙwallo. Shi ke nan fa, an samu kai. Ana amfani da ƙaramin kwarashi don saƙar ta matse, kada audugar ciki ta riƙa leƙowa.

Kada ku ɗauka wasan yara ne. A 1997, Daina Taimina, malamar lissafi 'yar ƙasar Latbiya da ke koyarwa a Jami'ar Cornell ta Amurka, ta yi amfani da kwarashi ta saƙa wata siffar lissafi da ake kira haifabolik, wadda a da sai dai a haɗa ta da takarda, ita kuma ba ta jure taɓawa. Dabararta ita ce ta riƙa ƙara ɗinki ɗaya bayan kowane 'yan ɗinkuna, ba tsayawa, har bakin saƙar ya yi ta murɗewa kamar ganyen latas. Abin da ɗalibai ke gani a allo kawai, sai ga shi sun riƙe a hannu.

Inda gizo ke saƙar

Ga mai son mayar da abin sana'a, akwai tarko. A farkon 2020, lokacin da duniya ta rikice a kan Baby Yoda na shirin The Mandalorian, Etsy ta sauke tallan wasu masu sayar da nasu na hannu bayan ƙorafin kamfanin Disney. Pikachu ma da mai shi. Ka saƙa wa ƙanwarka, ba wanda zai kula ka. Amma ka gina kasuwanci a kan hajar wani, rana ɗaya a sauke maka komai.

To me zai hana mu duba gida? Gizo da Ƙoƙi suna nan cikin tatsuniya, babu kamfanin da ya mallake su. Ga kura, ga dokin hawan sallah da kwalliyarsa, ga ɗan dambe da hannu a ɗaure. Masu saƙa Pikachu sun cika intanet, amma mutum nawa ka gani suna saƙa Gizo?

Abu biyu kafin ku fara. Idan ta jariri ce, ku ɗinka idon da zare, don na roba na iya cirewa yaro ya haɗiye. Sannan wajen yanka farashi, kada ku tsaya a kuɗin ulu. Injin masaƙa ba ya iya kwaikwayon wannan saƙar, kowane ɗinki hannu ne ya yi shi. Ku ƙirga awannin da kuka ɓata kamar yadda kuka ƙirga ɗinkin, sannan ku faɗi kuɗinku ba tare da jin kunya ba.