Ajiyar Bayanan Kayan Yanka a Ƙananan Masana'antu: Girgije ko Kwamfutar Cikin Gida

A masana'antun da ke sassaƙa sassan ƙarfe da injunan CNC, wato injunan da kwamfuta ke sarrafa motsinsu bisa umarnin da aka rubuta musu, babu abin da ya kai kayan yanka yawa da saurin ɓacewa. Akwai na huda, akwai na goge fuska, akwai ƙananan haƙoran kabayid da ake ɗaurawa a sauya idan sun dakushe, kuma kowannensu yana da mariƙin da ke haɗa shi da injin. Kowane haɗi na abin yanka da mariƙinsa yana da tsawo da kauri da ake aunawa har zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, yana da saurin juyawar da ya dace da irin ƙarfen da zai ci, yana kuma da iyakar lokacin da zai yi aiki kafin ya lalace. Waɗannan su ne bayanan kayan yanka, kuma kuskure a lamba guda daga cikinsu ya isa ya sa abin yankan ya daki ƙarfen da ƙarfi, ya karye, ya ɓata aikin, wani lokaci har ya lahanta sandar injin mai tsada.

A yawancin ƙananan wuraren aiki bayanan nan a warwatse suke: wasu a takardar Excel, wasu a cikin manhajar da ke tsara hanyar yanka irin su Mastercam, mafi yawa kuwa a kan tsohon ma'aikaci ɗaya wanda idan bai zo ba aiki ya tsaya. Manhajar kula da bayanan kayan yanka an yi ta ne domin ta tattara duka wannan a rumbu guda, ta yadda mai tsara aiki da mai auna kaya da mai kula da sito da mai saye za su riƙa duba lamba ɗaya. Kamfanonin da suka yi fice a fagen sun haɗa da TDM Systems da ke Tübingen a Jamus, wanda ke ƙarƙashin rukunin Sandvik na Sweden, da Zoller, shi ma na Jamus, wanda aka fi sani da na'urorin auna kayan yanka kafin a ɗora su a kan inji, da WinTool na Switzerland.

Akwai hanyoyi biyu na amfani da irin wannan manhaja. Hanya ta farko, wadda aka daɗe ana bi, ita ce kamfani ya sayi lasisin manhajar ya saka ta a sabarsa, wato babbar kwamfutar da ke cikin ginin masana'antar wadda sauran kwamfutoci ke karɓar bayanai daga gare ta. Amfaninta a fili yake, domin bayanai ba sa fita daga gida, aiki ba ya dogara da intanet, kuma ya fi sauƙi a haɗa manhajar kai tsaye da na'urar awo da akwatunan raba kaya da injunan kansu, musamman tsofaffin da ba a ƙera su da tunanin hulɗa da waje ba. Nauyinta kuwa shi ne kuɗi mai yawa a tashin farko, sannan kuɗin kulawa na shekara-shekara, sannan buƙatar mutumin da zai riƙa sabunta sabar yana ɗaukar kwafin ajiya yana gwada cewa kwafin yana aiki. A nan ne ƙaramar masana'anta take yawan gazawa, saboda wurin da ma'aikatansa ba su wuce ashirin ba da wuya ya ɗauki ƙwararren kwamfuta, sai aikin ya faɗa kan injiniyan da ya riga ya cika da hidima.

Hanya ta biyu ita ce girgije, sunan da ake kiran manyan cibiyoyin ajiyar bayanai na kamfanoni irin su Amazon da Microsoft, waɗanda ake shiga ta intanet. A wannan tsari masana'anta tana biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara, mai manhajar shi ke ɗaukar nauyin sabuntawa da tsaro da kwafin ajiya, kuma ana iya janyo siffar abin yanka da ma'auninsa daga kundin masu ƙera shi, kamar yadda MachiningCloud ke yi, maimakon a zauna ana shigar da lambobi da hannu.

Ƙorafin da aka fi yi wa girgije shi ne na tsaro, amma wannan ƙorafi yana buƙatar a auna shi da adalci. Harin WannaCry na watan Mayun 2017, wanda ya tsayar da aiki a wasu masana'antun Renault, ya bi ne ta kwamfutocin da ba a sabunta ba, haka kuma harin masu garkuwa da bayanai da ya afka wa kamfanin alminiyam na Norsk Hydro a Norway a watan Maris na 2019 ya ratsa hanyoyin sadarwar kamfanin na cikin gida har aka koma gudanar da wasu ayyuka da hannu. Sabar da ke kulle a ɗaki ba tare da mai lura da ita ba, ta fi girgijen da ake kula da shi dare da rana rauni. Inda batun ya zama na doka, kamar masana'antun Amurka masu yi wa sojoji sassa, waɗanda dokar ITAR ta taƙaita wanda zai iya ganin bayanan fasaharsu, zaɓi ya ragu zuwa sabar gida ko girgije na musamman da ya cika sharuɗɗan.

Raunin girgije na haƙiƙa yana wurare biyu, kuma masu masana'antu a Afirka ta Yamma sun fi kowa saninsu. Na farko shi ne yankewar hanya: a ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da dama sun lalace a gaɓar yankin, lamarin da ya dagula sadarwa a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu na tsawon kwanaki, kuma wurin aikin da ba shi da kwafin bayanansa a gida zai zauna ne yana kallon injunansa. Na biyu shi ne kuɗin waje, domin galibi da dala ko yuro ake biya, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 duk wanda ke biyan irin wannan kuɗi ya ga yadda ya ninka ba tare da mai manhajar ya ƙara ko sisi ba. Sai dai sabar gida ma tana da nata dogaro a inda wutar lantarki ba ta tsayawa, tana buƙatar batir da janareto da ɗaki mai sanyi.

Idan aka haɗa waɗannan duka, masana'antar da ke da injuna kaɗan kuma ba ta da ma'aikacin kwamfuta ta fi samun kwanciyar hankali da girgije, muddin ta gindaya sharuɗɗa biyu kafin ta sa hannu. Sharaɗi na farko shi ne manhajar ta riƙa barin kwafin bayanai a kwamfutar wurin aiki domin a ci gaba da auna kaya da ɗora su ko da intanet ya yanke. Na biyu, wanda masu saye suka fi mantawa da shi, shi ne a rubuta a yarjejeniya cewa kamfani zai iya fitar da dukan bayanansa a tsarin da wata manhajar za ta iya karantawa, kamar ƙa'idar ISO 13399 da aka tsara domin musayar bayanan kayan yanka. Wannan yana da muhimmanci saboda aikin da ya fi cin lokaci a kowanne tsari shi ne na farko, wato ƙirga kayan da ke sito, ba kowanne lamba guda, cire maimaici, da shigar da ma'aunan da ma'aikata suka gano da gogewarsu, aikin da yakan ɗauki watanni kuma babu mai son maimaita shi ranar da zai sauya kamfanin da yake hulɗa da shi.