Ba a Ɗanɗana Kindirmo Tun Yana Madara

Akwai wani rashin barci da ba sauro ke kawo shi ba. Mutum ya yi abin da ya yi a makon jiya, ba kwaroron roba, ko kuma robar ta fashe, sai ya koma binciken jikinsa kamar mai sayen rago a kara: ya leƙa harshe a madubi, ya laluba wuya ko kaluluwa ta fito, ya ga ƙurji ɗaya a hannu gabansa ya faɗi. Wa'azi dai na bar wa malamai.

Shi jiki mugun shaida ne a wannan shari'a. Alamomin farko na ƙwayar cutar ƙanjamau, in ma sun zo, sai bayan mako 2 zuwa 4: zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, ƙuraje, kasala. To wa bai yi wannan da damina ba? Kamar ka hangi hayaƙi a gidan maƙwabci ne ka rantse gobara ce, alhali tuwo ake tuƙawa. Fargaba kanta tana sa gumi da zawo da ƙin abinci. Wani kuma yana ɗauke da cutar shekara da shekaru garau, kamar azarar da gara ke ci ta ciki, daga waje sumul.

Kuma ba duk irin da aka watsa ke tsirowa ba. Saduwa ɗaya ba lalle ta kama ba, sai dai in akwai gyambo ko ciwon sanyi, ƙasa ta jiƙa ke nan, iri ya fi samun wurin zama.

In abin bai wuce awa 72 ba, ajiye madubin ka nufi asibiti. Akwai maganin da ake kira PEP, ana shan sa kwana 28 ba fashi. Tartsatsi ne ya faɗa kan jinka: yanzu moɗa ɗaya ta ishe shi, in ka tsaya shawara da abokai har ya ci, rijiyar unguwa ma ba za ta kashe shi ba.

In kuwa an wuce nan, sai haƙurin Bafulatana. Ta tatso madara, ta zuba a ƙwarya, ta ɗiga ɗan tsohon nono, ta rufe da faifai. Ka buɗe bayan awa ɗaya ka ɗanɗana, madara ce zalla, ko da yake aiki ya riga ya fara a ciki. Haka gwaji yake. Wanda ake tsira yatsa ba ƙwayar yake nema ba, martanin garkuwar jiki yake nema, kamar mai gadin da bai ga ɓarawo ba amma yana sauraron haushin kare. Shi kuwa karen nan nawa gare shi, yakan kai wata 3 kafin a tabbatar. Na ɗakin gwaji, wanda ake ɗiban jini a jijiya, ya fi shi kunne, kamar wata ɗaya da rabi ya ishe shi. Saboda haka takardar da ka karɓo kwana 5 bayan abin, komai kyanta, madara ka ɗanɗana.

In ma cutar ta tabbata, ba zamanin da ba ne. Yawanci ƙwayar magani ɗaya ake haɗiya a rana, kamar janye itace daga murhu, tukunya ta lafa har gwaji ya kasa ganin cutar a jini, mai ita kuma ba ya sa wa abokin kwanciyarsa muddin bai daina sha ba. Asibitocin gwamnati da dama suna yin gwajin yatsa kyauta, ɗigon jini ɗaya, kafin mai shayi ya gama soya maka ƙwai sakamako ya fito.