Daga Hausawan Glover Zuwa Barikin Kalapanzi: Salsalar Sojan Nijeriya

A Kakuri, kudu da kogin Kaduna, akwai barikin sojojin igwa da ake kira Kalapanzi. An ɗauko sunan ne daga wani kogi na yankin Arakan a ƙasar Bama, wanda Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma ta bi kwarinsa a watan Disamba na 1944 har ta ƙwace garin Buthidaung daga hannun Japanawa. Haka barikin Dalet na Kawo yake, da na Myohaung a Legas, da na Letmauk a Ibadan: duk sunayen filayen daga ne na yaƙin Bama. Waɗannan sunaye shaida ce cewa sojan Nijeriya yana da salsala wadda ta girmi ƙasar da yake karewa, kuma abin da ya dace shi ne a riƙe salsalar nan dungurungum, da daɗinta da ɗacinta.

Tushen yana Legas. A 1863 wani hafsan sojan ruwan Ingila, John Glover, ya tara Hausawa 18, galibinsu bayin da suka tsere wa iyayengijinsu, ya ba su bindiga domin tsaron garin da hanyoyin fatauci. Daga wannan 'yar ƙungiya aka sami rundunar da ta je yaƙin Ashanti a 1873 zuwa 1874, daga baya kuma aka shigar da ita cikin Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma, wadda aka ɗora wa Lugga kafa ta a 1897. Da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, bataliyoyin sassan biyu suka zama runduna guda. A 1956 aka laƙaba mata sunan Sarauniyar Ingila, a 1963 kuma, da ƙasa ta zama jamhuriya, aka cire alamar sarautar. Kaduna ma ta zama sansanin soja kafin ta zama hedikwatar Arewa, domin sojoji ne suka fara tasowa daga Zungeru, sannan gwamnati ta biyo sawunsu a 1917.

Mai ƙorafi zai ce wannan tarihin Turawa ne, ba namu ba, kuma yana da hujja mai nauyi. Rundunar nan ce ta ci Kano a Fabrairun 1903, ta shiga Sakkwato a watan Maris, ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a watan Yuli, ta kuma baje ƙauyen Satiru a 1906. Sai dai hafsoshi da wasu masu muƙamin saje ne kawai Turawa. Masu ɗaukar bindigar Hausawa ne da Yarabawa da Barebari da sauran mutanen ƙasa, har Hausa ta zama harshen bariki, hafsan Bature ma sai ya koye ta. Wanda ya ce a yanke tarihin daga 1960 ya jefar da waɗannan mutane ne, har da 'yan mazan jiyan da suka bar kabarin 'yan'uwansu a dazukan Arakan. Ba a zaɓar kakanni, kuma ba daidai ba ne a karɓi jarumtakar Bama a yi shiru a kan Burmi, tunda runduna ɗaya ce ta yi duka biyun.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan zurfi: cewa igiyar ta riga ta tsinke. Juyin mulkin 1966 ya raba kan bataliyoyi, yaƙin basasa kuma ya kumbura soja daga wajen dubu 10 zuwa kusan dubu 250, aka kafa sababbin rundunoni cikin gaggawa. Gaskiya ne, amma salsalar soja ba ta jini ba ce, ta al'ada ce da ake miƙawa daga saje zuwa kurtu. Shi ya sa har yau Runduna ta 81 a Legas da ta 82 a Inugu suke ɗauke da lambobin rundunonin Bama. Bikin ranar soja ma ya haɗa zamanan biyu: ana yin sa ranar 6 ga Yuli, ranar da aka harba harsashin farko na yaƙin basasa a 1967, amma daga 1863 ake ƙirga shekarun. A Kakuri kuwa, masana'antar ƙera makamai ta DICON, wadda aka kafa a 1964, tana unguwa ɗaya da barikin da ya gaji sunan Bama.

Saboda haka aikin da ke gaban masu koyar da ɗaliban makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna ya wuce haddar sunayen nasarori. An ƙirƙiri wannan runduna ne tun farko don ta ladabtar da talakawa a madadin mai mulki, kuma 'yancin kai ya ɗora mata aikin kare su. Hafsan da za a tura wani ƙauye a Zamfara ko Barno ya kamata ya san abin da aka yi a Satiru, domin ya gane wace ɗabi'a ce rundunarsa ta gada wadda ya zama dole ya bari.