Mamman Ɗanmusa, Kakakin da Ya Tsige Gwamna

Ranar 23 ga Yuni 1981, a zauren Lugard Hall da ke Kaduna, 'yan majalisar dokokin jiha suka kaɗa ƙuri'ar tsige Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa daga kujerar gwamna. Ba a taɓa yi wa wani gwamna haka a Najeriya ba sai ranar. Wanda ke kan kujerar shugabanci, sandar majalisa na ajiye a gabansa, shi ne Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa. Sunan Balarabe ya karaɗe ƙasa, shi kuwa kakakin da ya ja ragamar aikin tun daga farko har ƙarshe, ba kasafai ake tsayawa a kansa ba.

Mutumin Ɗanmusa ne, garin da ke kusa da dajin Rugu. Yau a jihar Katsina yake, amma a wancan zamani Katsina da Zazzau jiha ɗaya ce mai ƙananan hukumomi 14, sai a 1987 aka raba su. Saboda haka wakilin manomin rake na Dandamisa ko Maƙarfi, da wakilin makiyayin Dutsin-ma, duk a ƙarƙashin kakaki guda suke zama.

Zaɓen 1979 ne ya haifi rigimar. Jama'a suka ba PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano mai alamar mabuɗi, kujerar gwamna, Balarabe ɗan Kaya ya kayar da Alhaji Lawal Kaita. Amma a majalisa NPN mai gida da masara ce ta kwashe kujeru 64 cikin 99. PRP 16 ta samu, ragowar suka rabu tsakanin GNPP da NPP da UPN. Da wannan rinjaye Ɗanmusa ya zama kakaki, Alhaji Dauda Mani kuma shugaban masu rinjaye. Duk mai lissafi ya ga inda aka dosa tun ranar rantsuwa: kashi biyu cikin uku na 99 shi ne 66, kujeru biyu kacal suka rage wa NPN.

Tsarin mulkin 1979 ya ce gwamna ba zai naɗa kwamishina ba sai majalisa ta amince. NPN ta nemi a dama da ita, tunda ita ke da rinjaye. Balarabe ya ce faufau, ba zai sa waɗanda ya ɗauka a matsayin masu danne talaka cikin gwamnatin da talaka ya zaɓa ba. Ya aika sunaye, majalisa ta mayar masa. Ya sake aikawa, ta sake mayarwa. Haka aka yi ta yi har kusan shekara biyu, jiha mai girman Kaduna ba ta da kwamishina ko ɗaya, sai manyan sakatarori da Sakataren Gwamnati, Dakta Yusufu Bala Usman, ke riƙe da ma'aikatu.

A karkara kuwa ba ta kwamishina ake ba. Abin da ya shiga kunnen mutanen Ikara da Kudan shi ne an soke haraji da jangali, a Kaduna da kuma Kano ta Gwamna Abubakar Rimi. Wanda ya san zamanin da mai unguwa ke zagayawa da takardar kuɗin ƙasa, magidanci ya sayar da akuyarsa ko ya ɗebo hatsi daga rumbu tun kaka ba ta yi nisa ba don kada a zaunar da shi a ƙofar dagaci cikin rana, ya san abin da wannan sokewa take nufi. Amma harajin nan shi ne igiyar da masu sarauta ke riƙe talakawa da ita, kuma yawancin masu sarauta da NPN suke. Ɗanmusa yana jagorantar majalisar da ke ganin gwamna na rushe tsarin da aka gada, gwamna kuma yana ganin majalisa ce katangar da ta tare wa talaka hanya.

Ana cikin haka PRP ta dare gida biyu, 'yan Taɓo da suka tsaya tare da Malam, da 'yan Santsi, ɓangaren gwamnonin biyu. Balarabe ya rasa inuwar uwar jam'iyya a daidai lokacin da ya fi bukatarta.

A nan ne ƙarfin kujerar kakaki ya bayyana. Sashe na 170 na kundin tsarin mulkin 1979 ya ɗora kusan komai a hannunsa. Shi ake miƙa wa takardar tuhuma idan kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa sun sa hannu. Shi zai isar da ita ga gwamna. Idan kashi biyu cikin uku suka yarda a bincika, shi ne kuma zai zaɓo mutum bakwai da a ganinsa masu mutunci ne, majalisa ta amince, su zauna su duba laifin. Ƙarshen sashen ya ce babu kotun da za ta saurari ƙara a kan abin da kwamitin ko majalisar ta yanke. Zuwa 1981 NPN ta haɗa adadin da take nema, Ɗanmusa ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba. Balarabe ya garzaya kotu, alƙalai suka ce an ɗaure musu hannu. Mataimakinsa, Alhaji Abba Musa Rimi, ya hau kujerar, majalisar da ta hana Balarabe kwamishinoni kuma ta amince da nasa.

A ganina, ba za a ce Ɗanmusa ya karya doka ba, kuma majalisar da ke iya ce wa gwamna a'a abar so ce, musamman ga mu da muka saba ganin 'yan majalisa sun zama 'yan amshin shata. Amma ban yarda an yi adalci ba. Wanda ke shugabantar masu ƙara shi ne ya zaɓi masu shari'a, kuma majalisar da ta toshe wa gwamna hanyar kafa gwamnati ita ce ta zauna ta yanke masa hukunci. Ƙuri'ar da talakawa suka kaɗa a 1979 ta tashi a banza saura fiye da shekara biyu wa'adinta ya cika.

Tauraron Ɗanmusa ya ci gaba da haskawa. A zaɓen 1983 Lawal Kaita ya samu kujerar da ta kuɓuce masa, shi kuma kakakin ya tafi Legas a matsayin sanata, aka zaɓe shi Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa a ƙarƙashin Dakta Joseph Wayas. Wata uku kawai ya yi a kai. Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka kifar da gwamnatin Shehu Shagari, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya karɓi mulki, aka rufe majalisu duka.

Tsarin mulkin 1999 bai bar wa kakaki ikon da Ɗanmusa ya yi aiki da shi ba. Sashe na 188 ya mayar da naɗa mutum bakwai ɗin hannun Babban Jojin jiha, kakaki roƙo kawai zai aika. Duk da haka a 2006 'yan majalisa 18 cikin 32, waɗanda suka taru a wani otal a Ibadan suka shirya abin, suka tsige Gwamna Rashidi Ladoja, a Filato kuma mutum 6 cikin 24 suka ce sun cire Joshua Dariye. A watan Disamba na shekarar Kotun Ƙoli ta mayar da Ladoja kan kujerarsa, ta ce alƙali na da hurumin duba ko an bi matakan da kundi ya shimfiɗa kafin a ce an tsige gwamna.