Lantarkin Ruwa Da Na Rana A Wuraren Haƙar Ma'adinai

Duk wanda ya bi hanyar Kano ta Wudil, da zarar ya doshi Birnin Kudu zai ga duwatsu sun taso masa dama da hagu, haka kuma ƙasar take har Gwaram a bakin iyakar Bauci. Waɗannan duwatsu dukiya ne, gama irinsu ne ake fasawa a sami tsakuwar hanya da ta harsashin gini, ko da ya ke akwai waɗanda bai kamata guduma ta taɓa ba, kamar Dutsen Habuɗe da Dutsen Mesa masu zanen mutanen dā. Amma injin niƙa dutse ba ya motsi sai an ba shi man dizal, kuma kowace lita ɗaya da ya ƙona takan saki iskar kabon fiye da kilo biyu da rabi, watau iskar nan da masana suka tabbatar tana ƙara wa duniya zafi. Tun da dizal ya yi tsada ƙwarai a shekarar 2022, hayaƙin da asarar kuɗin sun zama abu guda.

Mutane da yawa suna zaton gudanar da aikin haƙa da lantarkin da ba ya hayaƙi sabon abu ne da aka zo da shi daga Turai jiya jiya. Ba haka ba ne. A ƙasar Jos, inda kakannin mutanen Lardin Kano da yawa suka tafi aikin kuza, an yi shi tun wajen shekara ɗari da suka wuce. Da fari kamfanonin kuza da itace da gawayin kwal suke hura injunansu. Itace ya yi ta ƙarewa, kwal kuwa sai an ɗauko shi daga Inugu, ga nisa ga tsada. Sai suka dubi ruwan da ke gangarowa daga kan tsaunuka. A wajen 1923 aka kafa tashar lantarki a mafaɗar ruwa ta Kwall, sa'an nan a 1929 aka kafa kamfanin NESCO, wanda ya gina babbar tasha a Kura, daga baya ya ƙara waɗansu a Jekko. Da wannan wuta aka riƙa juya famfuna masu feshin ƙasa da manyan injunan tono. Wahalar da suka gamu da ita ita ce rani, sa'ad da rafuka ke janyewa, don haka suka gina madatsai suka tara ruwan damina. Lalle ba tausayin sararin sama ya sa Turawan nan suka yi haka ba, lissafin riba ne. Duk da haka aikin kuza ya durƙushe, tashoshin kuwa ba su mutu tare da shi ba.

Maƙwabtanmu na Nijar wata hanya suka bi. Tun 1981 tashar kamfanin SONICHAR da ke kusa da Agadas ta fara ƙona kwal domin ba ma'adinan yuraniyom na Arlit wuta, a tsakiyar hamadar da rana ba ta fashi.

To, Birnin Kudu da Gwaram ba su da mafaɗar ruwa irin ta Kura, amma suna da rana. Misalin da ya fi kusa da halinsu yana arewacin Burkina Faso, a mahaƙar zinariya ta Essakane, ƙasa mai zafi da ƙura kamar tamu. A 2018 aka buɗe mata tashar hasken rana mai ƙarfin megawat 15, da faranti wajen 130,000, aka haɗa ta da injunan mai da ke wurin tun dā. An ƙiyasta za ta rage shan mai da lita miliyan 6 a shekara, da iskar kabon tan 18,500. Abin lura a nan shi ne, masu mahaƙar ba su ne suka sayi farantan ba. Wani kamfani dabam ya gina tashar da kuɗinsa, yana sayar musu da wutar bisa yarjejeniya ta shekaru.

Wannan dabara ita ce ta dace da masu fasa dutsenmu, domin babu ƙaramin ɗan kwangilar da zai iya zuba kuɗin faranti gaba ɗaya. Suna ma da wata sa'a da Essakane ba ta da ita: mahaƙar zinariya dare da rana take aiki, niƙan tsakuwa kuwa yawancinsa da rana ne, don haka bukatar batir mai tsada kaɗan ce.

Kada dai a ɗauka rana za ta kori dizal ɗungum. Tifofi da motocin tono suna nan da shan mansu. Injin niƙa yakan ja wuta mai yawa sa'ad da aka tashe shi, sai an bar janareta a gefe yana tallafawa. Ƙura kuwa ita ce babbar abokiyar gaba, ta hunturu da ta wurin fasa dutsen kansa. Dole a kafa farantan nesa da inji, ta gefen da iska ba ta kai musu gari, a kuma tanadi rijiyar burtsatse da yaran da za su riƙa wanke su.

Lasisin haƙar ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya yake, amma maganar filin da za a shimfiɗa faranti, da sulhu da masu gonaki, da diyyarsu, a gaban hakimai da dagatai da akawunan ƙananan hukumomi za ta fara sauka. Malaman makaranta kuma su ne za su fitar da samarin da za su iya haɗa wayoyin da gyaransu, don kada a riƙa jiran mai gyara daga Kano duk ran da wata na'ura ta tsaya.