Haƙoran Tayar Baya: Cinikin Ƙarfi da Gudu a Jikin Babur

Garin Yashe yana bakin mararrabar da hanyar Funtuwa, wadda ta biyo ta Malumfashi, ta haɗu da babban titin Kano zuwa Katsina. Saboda haka babura iri biyu ke gilmawa a wurin. Akwai wanda ya fito daga ƙauyukan Kusada da buhunan gero, yana ratsa rairayi, akwai kuma wanda ya miƙe bisa kwalta zuwa Kankiya ba kaya. Sau da yawa injinsu ɗaya ne, amma buƙatarsu ta bambanta. Abin da ke raba su wani faifan ƙarfe ne mai haƙora da ke manne da tayar baya, wanda makanikai ke kira siforoket.

Yadda Faifan Ke Aiki

Ƙarfin inji yana isa tayar baya ne ta hanyar sarƙa. Sarƙar tana zagaye faifai biyu: ƙarami a jikin inji, babba a jikin taya. Alal misali, a ce ƙaramin yana da haƙora 14, babban kuma 42. Sai ƙaramin ya juya sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya, domin 42 a raba da 14 uku ke nan.

A ƙaddara cewa kewayen tayar mita 1.9 ne, ƙaramin faifan kuma yana juyawa sau 2,400 a minti ɗaya. Tayar za ta juya sau 800, wato babur yana cin kimanin kilomita 91 a awa. Idan aka sa faifai mai haƙora 48, juyin tayar zai sauko zuwa 700, gudun ya koma kilomita 80, amma ƙarfin murɗa tayar ya ƙaru da kusan kashi 14 cikin ɗari. Idan kuwa aka sa mai haƙora 35, lissafi zai nuna kilomita 109, amma ƙarfin murɗawa ya ragu da kusan kashi 17 cikin ɗari.

A nan ne darasin yake. Sauya faifai ba ya ƙara wa inji ko ƙwayar zarra ta ƙarfi. Ciniki ne kawai: a ba da gudu a karɓi ƙarfin ja, ko a ba da ƙarfin ja a karɓi gudu. Hasali ma wannan kilomita 109 na iya tsayawa a kan takarda, domin turjiyar iska tana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninku biyu. Ƙaramin inji kan gaza tun bai kai can ba.

Wannan doka ba ta tsaya ga ƙarfe kaɗai ba. A jikin dabbobi, idan jijiyar tsoka ta kama ƙashi nesa da gaɓa, ana samun ƙarfi amma motsi ya yi nawa, kamar a hannun dabbobin da ke haƙa rami. Idan ta kama shi kusa da gaɓa, kuma ƙafar tana da tsawo, ana samun sauri, kamar a ƙafar barewa.

Dabarar 'Yan Tseren Da

Filayen tsere ba iri ɗaya ba ne. Wani yana da kwana da hawa da yawa, wani kuma miƙaƙƙe ne. Don haka ɗan tsere yana buƙatar sauya faifai cikin hanzari, alhali a tsofaffin babura aikin yana cin lokaci: a cire taya, a kwance notoci, a ɗaura sabon faifai, a sake daidaita sarƙa.

Masu tseren keke ne suka fara shahara da maganin wannan matsala. A gasar Tour de France ta ƙasar Faransa, wadda aka fara a 1903, ba a yarda da na'urar sauya giya ba sai a 1937. Kafin nan tayar baya tana da faifai a kowane ɓangare. Idan mahayi ya iso gindin dutse sai ya sauka, ya cire tayar, ya juya ta, ya ɗora sarƙa a kan faifan da ya fi girma.

Kamfanin Vincent na garin Stevenage a Ingila ya yi amfani da irin wannan hikima a manyan baburansa, ciki har da Black Shadow na 1948. An yi wa tayar baya gangar birki a dama da hagu, kuma ana iya ɗaura faifai a kowane ɓangare, masu adadin haƙora daban-daban. Juya tayar kawai ya isa a sauya lissafin. A wannan shekara ta 1948 ne Ba'amurke Rollie Free ya yi gudun sama da kilomita 241 a awa bisa babur ƙirar Vincent a filin gishiri na Bonneville. Kamfanin ya daina ƙera babura a 1955, amma masu gyara tsofaffin babura don tsere suna bin manufar: cibiyar taya da za ta karɓi faifai iri-iri ba tare da dogon aiki ba.

Inda Haɗarin Yake

Mai tsohuwar Honda CG125, ƙirar da ta fara fitowa a 1975, yana iya yin wannan ciniki a rumfar bakanike a Yashe. Sai dai akwai sharuɗɗa. Na farko, dole faifai biyun su tsaya a kan layi ɗaya, in ba haka ba sarƙa za ta ci haƙoran ta gefe. Na biyu, faifai babba yana buƙatar sarƙa mai ƙarin tsawo, ƙarami kuma yana barin ta da sako-sako. A galibin ƙananan babura ana barin sarƙa tana lilo kimanin santimita biyu zuwa uku. Idan ta wuce haka tana iya zamewa ta cije tayar baya ana cikin gudu, mahayi da fasinja su sha ƙasa. Na uku, huda sababbin ramuka a cibiyar taya don a cusa faifan da ba nata ba yana raunana ƙarfen. Na huɗu, sabon faifai da tsohuwar sarƙa ba sa jituwa, gara a sauya su tare.

Bugu da ƙari, faifai yana sauya gudu amma ba ya sauya birki. Nisan da babur ke ci kafin ya tsaya yana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninku biyu. 'Yan tsere suna gwada lissafinsu ne a rufaffen fili, da hular kwano, ba a mararrabar da tireloli da dabbobi da 'yan makaranta ke tsallakawa ba.

Aiki Ga Ɗalibai

Malamin kimiyya ba ya buƙatar ɗakin gwaji don koyar da wannan darasi. A kifa keke a tsakar makaranta, a sa wa tayar baya alama da alli, ɗalibai su ƙirga haƙoran faifai biyun, su yi hasashen sau nawa taya za ta juya idan feda ta zagaya sau ɗaya, sannan su gwada. Za su lura cewa a keke faifan gaba ne babba, akasin na babur. Dalili shi ne ƙafar mutum tana da ƙarfi amma ba ta da sauri, inji kuwa yana da sauri amma ƙarfin murɗawarsa kaɗan ne. Kowanne ana sama masa abin da ya rasa ne daga abin da yake da shi.