Kujerar Kansila: Mace a Jibiya da Mace a Ɗan Isa

Tsakanin Jibiya ta jihar Katsina da Ɗan Isa ta jihar Maraɗi tafiyar ba ta taka kara ta karya ba. Harshe ɗaya, addini ɗaya, ga auratayya. Duk macen da ta ce za ta tsaya takarar kansila a garuruwan nan biyu, tambayoyin da za su tare ta iri ɗaya ne: mijinta ya yarda? Wa zai kula da yara? Ba ta jin kunya?

Inda hanya ta rabu shi ne tsarin zaɓe. A Najeriya ita kaɗai za ta fito, hotonta a bangon kasuwa, ta nemi ubangida, ta ratsa zaɓen fidda gwani. Akasari da tsakar dare ake yanke wanda za a tsayar, a ɗakin da matar aure ba za ta shiga ta fito da mutuncinta a bakin jama'a ba. In aure ne ya kawo ta mazaɓar, a ce baƙuwa ce. In ta koma garinsu, a ce ai ta zama ta wasu. Ƙarshe a lallashe ta da muƙamin shugabar mata, ta riƙa tara 'yan uwanta ranar gangami da rabon atamfa. Matan Arewa sai a 1976 suka fara jefa ƙuri'a, bayan ɗaurin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha a kan wannan haƙƙi, kuma a 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurin ware wa mata kujeru.

Nijar kuwa a da jerin sunayen jam'iyya ake zaɓa, kuma a 2000 doka ta tilasta ba mata kashi 10 cikin ɗari na kujerun, aka ɗaga zuwa 25 a 2019. Gaskiya ne wani lokaci ƙanwar mai faɗa a ji ake cusawa don cika sharaɗi, ta zauna taro ba ta ce uffan ba. Amma ta zauna, kuma 'yarta ta gan ta.

Ni dai ina ganin mun cika ɗora wa al'ada laifin da na dokar zaɓe ne. Sojoji sun rushe majalisun ƙananan hukumomin Nijar a 2024, amma kafin nan Bahaushiyar Maraɗi ta fi ta Katsina samun kujera, alhali surukansu ra'ayinsu ɗaya.